Giyar Gareji a Todmorden

Mako biyar ina jira.
Daren Asabar na buɗe kwalbar fari,
ta ja tsaki kamar mai jin haushina,
kumfa ta taso, ta dube ni, ta kwanta.
Na kurɓa.
Ruwa ne ya ari rigar giya,
launi na nan, ƙamshi ya leƙo,
amma harshe ya laluba, bai tarar da kowa a gida ba.

Na ƙetara katanga na kira Ackroyd,
tsohon direban bas mai gemun auduga.
Ya ɗaga kofi saitin ƙwan lantarki,
ya juya ta a baki, ya haɗiye da ƙyar,
ya ce, “Yohanna, tukunyar ka wanke
ka ba ni ruwan wankin?”

Ruwa ba ya tsami banza,
ashe ba ya yin lami banza.
Muka zauna kan bokiti biyu a kife,
yana tambaya, ina sunkuyar da kai.

Lita nawa takarda ta ce? Ashirin da uku.
Nawa ka ɗura? Talatin.
Na ga tsiron sha'ir da sauran zaƙi,
na yi ta kwarara masa ruwa
har ya koma fari fat kamar wankin shinkafa.
Kwalba goma nake kwaɗayi,
su suka cinye mini arba'in.

Sukari fa?
Kilo guda, na shagon kwana.
Ya kama kai.
Wai yis kan lashe sukari tas,
ya bar maka ƙarfi, ya tafi da jiki,
kamar ɗan dambe mai ƙafar sauro.

Ya tona dusar da na zubar bayan gareji,
ya tsinto ƙwayoyi ɓul-ɓul, ko tsaga babu,
sun shiga wanka sun fito da dukiyarsu a ƙulle.
Ruwan garin nan kuma, in ji shi,
daga kan duwatsu yake gangarowa, ba gishiri, ba alli,
ruwan shayi ne, sai an ɗan ba shi ƙashi.

Ma'aunin zafi ne ya fi ba ni haushi.
Na rantse sittin da bakwai ya nuna ranar jiƙo.
Muka tsoma shi a tafasasshen ruwa,
ya haura ɗari da biyar yana kallonmu.
Shekara biyu yana mini ƙarya
ina goge shi da tsumma mai tsabta.

Da safe na buga wa Gwaggo Rifkatu waya,
ita da ta shekara talatin kan randar burukutu
ba ta taɓa sanin digiri ba.
Ta yi dariya har layi ya tsinke, na sake kira.
Ta ce, “Dawa ba ta son a dame ta da ɗumin jinya.
Sa yatsa. In ka ƙirga uku kana murmushi,
wutarka ba ta isa ba.
Kuma wa ya ce ka ciyar da gari duka?
Ƙaramar tukunya ta fi kauri.
Garaje kake yi a garejin naka.”

Yau Lahadi, yayyafi na sauka kan kwano.
Na sa an ɓarza sha'ir a gabana,
na ƙara alkama tafi huɗu,
sukari ya koma wurin shayi.
Sabon ma'auni a hannun dama,
yatsan Gwaggo a hagu, har yanzu yana zogi.
Lita ashirin na tsaya,
sauran zaƙin na bar wa kajin Ackroyd.

Bokiti na can ƙarƙashin tsohon bargo,
yana gyatsa ɗaya bayan ɗaya.
Kwalabe arba'in da tara na jere a kan shiryayye,
ba mai sha, ba mai zubarwa.
Matata ta ce za ta dafa naman sa da su
har bazara.